Kwana Goman Nafisa

Ku da ake turo mana daga makarantar koyon aikin lafiya, da farar riga mai guga da waya a aljihu, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai ɗakin yara ba wahala, a auna zafi, a tsira allura, a rubuta a kati. Shekaranjiya ma da kunnena na ji wata cikinku tana ce wa wata uwa, "Ƙarambau ne kawai, ki shafa masa farin magani, zai wuce." Ba ta tambayi wa ke kwana ɗaki ɗaya da yaron ba. Ba ta tambaya ko akwai mai shan magani a gidan ba. To ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ni Saude na haura shekara talatin ina aikin jinya a Jibiya, kuma wannan "kawai" ɗin na taɓa faɗar ta da bakina, na ga abin da ta haifa.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Malam Garba, ana ce masa Garba Disfensa. Dogo ne, ba ya dariya sai ran salla. Kayan aikinmu a lokacin ba su wuce firij mai kananzir ba, da sikelin rataye mai ɗan wando da ake zura yaro a ciki, da tukunyar dafa sirinjin gilas. Wata shida na yi a hannunsa bai bar ni na riƙe allura ba. Aikina gyara lagwanin firij, da duba ma'aunin sanyi safe da yamma, sai kuma tambaya. Kowace uwa ta shigo, sai ya nuna ni da haɓa, in yi ta tambayarta har ta ƙosa. Da na yi ƙorafi ya ce, "Allura ko mai kemis ya iya. Tambaya ita ce aikin."

Ran da na gane nufinsa ba ya nan, ya tafi jana'iza. Wani manomi daga Kusa ya kawo ɗansa Lawwali, ɗan shekara bakwai, siriri, kansa ba gashi. 'Yan ƙuraje ne masu ruwa a ƙirji da baya. Na duba, na ce ƙarambau ne kawai, na ba su farin maganin shafawa, suka tafi. Bayan kwana huɗu aka dawo da shi a amalanke. Ƙurajen sun yi baƙi, sun cika da jini, har cikin baki, numfashi yana fita da ƙyar. Kafin a isa Katsina da shi ya cika.

Malam Garba bai yi mini tsawa ba. Da uban ya dawo, ya karɓi wani kati da ke aljihun mutumin tun ranar farko, ya miƙo mini ya ce in karanta da ƙarfi. Katin babban asibiti ne. Lawwali yana karɓar maganin dajin jini, hutun tsakanin magani ya zo gida.

"Kin tambaye shi?" in ji Malam Garba.

Na ce a'a.

"Kan ba gashi, ba ki yi mamaki ba?"

Sannan ya juya wajen uban ya tambaye shi ko wani ya yi ƙarambau a gidan kafin Lawwali. Ya ce ƙanen yaron, mako biyu da suka wuce. Malam Garba ya ce, "To a nan aka makara. Da tun ran da ƙanen ya fesa ƙuraje aka zo, akwai allurar da ake nema." Ranar na fara jin labarinta.

Ga yadda abin yake. Yaro mai lafiya in ƙarambau ya kama shi, jikinsa ne ke yaƙarsa. Ya yi zazzaɓi da ƙaiƙayi na mako guda, ƙurajen su bushe, shi ke nan, kuma galibi ba ya sake yi. Amma akwai yaran da garkuwar jikinsu ta faɗi: wanda ake yi wa maganin daji, wanda ke shan maganin kumburin ƙoda wata da watanni, mai cuta mai karya garkuwa, da jaririn da uwarsa ta fesa ƙuraje dab da haihuwa. Waɗannan in ya shige su ba ya tsayawa a fata, huhu yake nema, da hanta, da ƙwaƙwalwa. Rigakafin ƙarambau kuwa, ko inda ake samunsa, ba a yi wa masu irin wannan rauni, don ƙwayar cutar ce aka raunana, kuma raunanniyar ma tana iya fin ƙarfinsu. Abin da ya rage shi ne a ara musu garkuwa. Ana tace ta daga ruwan jinin mutanen da suka taɓa yin ƙarambau suka warke, a zuba a 'yan kwalaben da ba su kai babban yatsa ba, a yi wa yaro a tsoka gwargwadon nauyinsa. Mu a nan allurar aro muke ce mata, kuma aron ne, makonni kaɗan take yi a jiki ta ƙare.

Sharuɗɗanta ne masu ban haushi. Ba ta da amfani in ƙuraje sun riga sun fito. A zamanin Malam Garba cewa ake kwana huɗu daga ranar da yaro ya haɗu da mai cutar. Yanzu likitoci sun ce har kwana goma, amma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninta. Tana son sanyi, ba ta son daskarewa. Sannan ba a taɓa ajiye ta a firij ɗinmu ba, ko sau ɗaya. Sai an yi waya, an yi cigiya, an bi ta har manyan birane, wani lokacin a samu, wani lokacin a dawo hannu rabbana a koma ga ƙwayoyi da addu'a.

Ƙirga kwanakin nan shi ne abin da ya fi ba ni wahala da mutanenmu. Ki tambayi uwa yaushe ƙurajen suka fito, ta ce miki "kwanaki dai." Sai kin bi da ita ta kasuwa: kafin kasuwa ne ko bayan kasuwa? An yi sallar Juma'a ko ba a yi ba? Mutanen ƙetare, na Maradi da ƙauyukanta, su kuma su zo miki da ɗan littafin asibiti da suke kira karne, an cike shi da Faransanci da rubutun likita kamar tafiyar kaza. Dole na koyi gane sunayen magunguna a ciki. Ga kuma masu sayen ƙwayar nan ta sha-ka-fashe a kan tire suna ɗura wa yaro don ya yi kumatu. Kumatun na zuwa, garkuwar na tafiya, kuma ko za ki kwana tambaya ba za a ce miki yana shan magani ba, don a wurinsu wannan ba magani ba ne, gyara ne.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ita ce wadda aka rufe boda har manyan motoci suka yi ta tsatsa a bakin titi. Da bazara ta shigo, ƙarambau ya bi unguwanni gida-gida. Ɗakin yara ya cika, mu biyu ne a kansa, ni da abokiyar aikina. A cikin wannan hali wata Litinin da hantsi Hauwa ta shigo.

Na san ta. 'Yarta Nafisa, 'yar shekara shida, tana da ciwon ƙoda mai sa kumburi. Wata likitar yara a Kano ke duba ta, ta ɗora ta a kan ƙwayoyin da ke sauke kumburin, amma suna danne garkuwa. Ni ke auna mata fitsari da nauyi duk wata. Mijin Hauwa, Idi, direban babbar mota ne, asalinsu mutanen Maradi, sun daɗe da zama a nan tare da mahaifiyarsa, Inna Tasalla. Hauwa mace ce mai shiru, in tana magana sai kin matso.

"Sista, kin ce in wani ya yi ƙuraje a gida in zo," ta ce.

"Wa ya yi?"

"Ɗan ƙanwar maigidan. Sun zo suna daga ƙetare, ta hanyar daji."

"Yaushe suka zo?"

"Alhamis. Ƙurajen ran Juma'a suka fito."

"Ina yake kwana?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗakin Inna. Tabarma ɗaya da yarinyar."

"Hauwa! Yau Litinin. Ina kika shiga tun Juma'a?"

"Inna ta ce kada in fita da zancen. Wai gara ta ɗauka ta yi ta huta."

Na ƙirga a yatsu. Mai ƙarambau yana yaɗa shi tun kafin ƙuraje su bayyana, don haka daga Alhamis za a fara, kwana huɗu sun riga sun tafi. Na kira likitar a waya. Ta ce a raba yaran nan take, kada a kuskura a tsayar da ƙwayoyin ƙodar kwatsam, kuma za ta sa a yi cigiyar allurar. Nauyin Nafisa kilo goma sha takwas, kwalba biyu take buƙata.

Da yamma na bi Hauwa gida don in ga an raba shimfiɗa. Inna Tasalla na zaune tana tsinkar zogale. Ko amsa gaisuwata ba ta gama ba ta ce, "Ke malamar asibiti, mi kuke son maida mu? Ƙarambau ai gadon yara na. Ni na yi, ubanta ya yi. Kowa shi yi nashi shi huta."

"Inna, ku da kuka yi ba ku shan maganin da take sha."

"Ɗiya goma na haihwa, ba a taɓa ara ma ko guda jinin wani ba."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Abin da na iya samu shi ne aka mai da Nafisa ɗakin uwarta.

Talata da yamma likitar ta kira, an samu kwalba biyu wajen wani mai harhaɗa magunguna a Kano. Ba ni da halin barin ɗakin yara, Idi kuma yana zaune ba aiki, ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Na ɗauko akwatin sanyi, irin wanda muke fita rigakafi da shi. Na jera robobin ƙanƙara a gefe huɗu, bayan na bar su sun ɗan yi gumi. Na ba shi tsumma mai kauri na ce a naɗe kwalaben a sa a tsakiya. Na gaya masa sau uku: sanyi take so, kada ta taɓa ƙanƙara, kada a buɗe a hanya. Ya ce, "Sista, na ɗauko ƙwai daga Legas bai fashe ba. Ki kwantar da hankalinki."

Laraba ya tafi, bai dawo ba. Motar da ya shigo ta lalace a hanya, bai iso Katsina ba sai bayan magariba, a shekarar nan kuwa ba mai hankalin da ke bin hanyar Jibiya in rana ta faɗi. Alhamis da safe sai ga shi da akwati a kafaɗa, baki har kunne.

"Ga amanarki, Sista. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

Na buɗe. Tsumman na nan a naɗe, amma da na taɓa na ji shi ƙandas. Na warware. Kwalaben sun yi fari fat. Na ɗaga ɗaya wajen taga, na karkata ta, ruwan bai motsa ba.

"Idi, ina ta kwana?"

"Ai shi zan gaya miki. Na sauka wajen abokina mai sayar da ƙanƙara. Na leƙa akwatin na ga naki ya fara narkewa, hankalina ya tashi. Sai muka sa ta cikin injinsa, can ƙasa, inda ya fi sanyi."

"Sau nawa na ce maka kada ta taɓa ƙanƙara?"

"Ba ta taɓa ba wallahi, a naɗe take."

"Ta zama ƙanƙarar da kanta!"

Ya kalli kwalbar, ya kalle ni. "To a bari ta narke mana. Ai ruwa za ta koma."

"Ƙwan da ka ɗauko daga Legas, in ya dahu yana komawa ɗanye?"

Nan murmushin ya ɓace. Ya zauna a benci, ya cire hula. Can ya ce, "Don Allah ki yi mata haka nan. Ko rabin amfani ne."

"Ba zan yi ba. Ban san abin da ya rage a ciki ba. In na yi mata, za mu zauna muna cewa ta samu kariya alhali ba ta samu ba."

Ya roƙa, ya haɗa ni da iyayena, har mutane suka fara leƙowa. Ban yi ba. Amma ku sani, rabin laifin nawa ne. Na shirya masa ƙanƙarar tafiyar yini ɗaya, ban gaya masa abin da zai yi in kwana ya kama shi ba. Da na ce masa ko robobin sun narke akwatin zai riƙe sanyi har safe muddin ba a buɗe ba, ko kuwa ya nemi firij na gida ya sa a tsakiya, da ba a yi haka ba. Mutum ya ga abu na narkewa, ga 'yarsa a rai, me zai yi? Tun daga ranar ba na aiken kowa da akwati sai na gaya masa har abin da zai yi in mota ta mutu.

Kwana bakwai ke nan. Na sake kiran likitar, na ji ta ja dogon numfashi. Ta ce a fara ba Nafisa ƙwayoyin da ke rage ƙarfin ƙwayar ƙarambau, muna da su, amma ga yarinya mai irin wannan nauyin magani ta fi son a haɗa da allurar. Juma'a aka wuni ana cigiya. Sai bayan la'asar ta kira: an samu wasu biyu, su ne na ƙarshe da ta sani.

Asabar da sassafe na bar wa abokiyar aikina ɗaki, na shiga motar haya da kaina. Zuwa ba matsala. Na karɓi kwalaben, na duba ranar ƙarewarsu, na naɗe, na sa ma'aunin sanyi a gefe, na rufe. Dawowa ce ta sha ni. Direba ya ce akwati sai a but.

"But ɗin da ke kan salansa? A cinyata zai zauna."

"Hajiya, mutum huɗu ne a baya."

"To yau mu biyar ne."

Haka na zauna da shi a cinya, na lulluɓe shi da mayafi saboda ranar da ke dukan taga. Wata mata kusa da ni ta yi ta roƙo in buɗe in sa mata ruwan ɗanta ya yi sanyi. Na ce magani ne. Ta ce ai ruwan ba zai cinye maganin ba. Wani dattijo a gaba ya juyo ya ce shi dai a gaya masa gaskiya in wani sashen jikin mutum ne, ya sauka. A shingayen bincike ina miƙa takardar likita tun kafin a tambaya. Wuri ɗaya aka ce sai an gani da ido, aikinsu suke yi, na ɗaga murfin a ƙarƙashin mayafi daidai ƙiftawar ido na rufe. Direban kuma ya tsaya sayen rake, ya tsaya gaisuwa, ya tsaya ɗaukar buhun da ba wurin sa shi. Ban taɓa yi wa baƙo faɗa irin na ranar ba.

Na iso Jibiya bayan la'asar, ma'auni bai gota ba. Na sa kwalaben a firij ɗin rigakafi mai aiki da hasken rana, a tsakiya, na wuce gidan Idi don in taho da yarinyar. Na tarar da Hauwa a tsakar gida, Idi a tsaye a zaure kamar an dasa shi.

"Ina Nafisa?"

Idi ya kau da kai. Na sake tambaya.

"Inna ta tafi da ita Mazanya," in ji Hauwa. "Wajen 'yar'uwarta. Wai akwai mai jiƙon da ke fito da ƙuraje, kada su kwanta mata a ciki."

"Ƙwayoyinta fa?"

Ta nuna taga. Ga su nan a leda, na ƙoda da na ƙarambau duka.

Na juya wajen Idi. "Kana ina aka fita da ita?"

"Sista, mahaifiyata ce. Kuma bayan abin da na yi, da wane baki zan yi magana?"

"Da bakin da ka roƙe ni shekaranjiya!"

Rana ta yi ƙasa, ba halin bin hanyar ƙauye. Na ce musu gobe Lahadi kwana goma cif. In ta wuce gobe, sai dai in mayar da kwalaben a ba wani. Na ce kuma ƙwayar ƙodar nan ba a yanke ta rana tsaka, ita kaɗai tana iya kayar da yarinya. Idi ya yi ta murza hula. Hauwa ta ɗauki ledar ta ƙulle a bakin zane.

Abin da ya faru a Mazanya ban gani ba, ita ta ba ni labari daga baya, shi ma a gajarce. Gari na wayewa ta hau acaɓa ita kaɗai. Ta tarar an jiƙa saiwoyi a ƙwarya ana jira su tsumu. Ta durƙusa ta gaida surukarta yadda ta saba, ta ba yarinyar ƙwayoyinta, ta goya ta duk girmanta. Inna Tasalla ta ce in ta fita da ita, to ta san inda za ta kwana. Hauwa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. In na dawo ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama." Shekara tara da aure, ranar ta fara mayar mata da magana.

Da hantsi suka iso asibiti, Inna Tasalla na biye a wani acaɓan, tana faɗa tun daga ƙofa. Ban kula ta ba. Na tuɓe Nafisa na duba ta tun daga tsagar kitso: bayan kunne, hammata, cikin baki, tsakanin yatsu. Ba ƙurji ko ɗaya. Na sake auna nauyinta. Na fito da kwalaben na bar su suka huce, na duba ruwan garau yake. Ɗaya a cinyar dama, ɗaya a ta hagu. Ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Na zaunar da su awa guda a gabana da maganin gaggawa a kan tebur, don abin da aka tace daga jinin wani, wani jikin yakan ƙi shi. Nata bai ƙi ba.

Kada ku ɗauka an gama. Wanda aka yi wa allurar aro, cutar kan yi jinkirin fitowa, sai an kai kwana ashirin da takwas ana sa ido. Kullum da safe Hauwa na kawo ta ta ƙofar baya, in duba fata, in auna zafi. A cikin makonnin nan aka kawo mana wani yaro daga Farfaru, mai kumatu kamar an hura, ƙuraje sun rufe shi ruf. Sai da muka matsa kakarsa ta fito da ƙwayoyin sha-ka-fashe daga lalita. Wata uku ana ba shi. Mun tura shi Katsina, kwana biyu ya yi ya cika.

Nafisa kuwa a rana ta goma sha tara ta fesa. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya: goma sha huɗu, yawanci a baya. Ɗan zazzaɓi na yini biyu. Na sanar da likitar, ta gyara ma'aunin ƙwayoyi, muka yi ta sauraron ƙirjinta safe da yamma. Huhu garau. Cikin mako guda suka bushe.

Ran da na je dubawar ƙarshe, Inna Tasalla ta ɗaga rigar yarinyar da kanta, ta leƙa bayan, ta taɓe baki.

"Wagga ita ta cutar da kunka tada muna hankali a kai? Kano sau biyu? Ga shi ta yi abinta, kamar cizon sauro. Ni da na ce ku bar ta."

Na buɗe baki in ce mata ƙanƙantar ƙurajen ita ce aikin allurar. Na tuna bayanin da na yi a kan zogale, na rufe bakina, na ɗauki jakata. Haka aikin nan yake. In kin yi sake, kowa ya ga gawa. In kin yi daidai, ba abin da za a gani, sai a ce dama ba komai.

Na ɗauka ni da tsohuwar nan mun rabu ke nan. Ko a biki muka haɗu, gaisuwa ce a tsaitsaye. Bazara ta zagayo, an buɗe boda, Idi ya koma hanya. Wata Alhamis ina cikin auna jarirai na ji hayaniya a layi, ana cewa a bi layi, wata murya na cewa ita ba layi ta zo bi ba. Sai ga Inna Tasalla ta kutso, tana jan wata matashiya da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da yaro ɗan shekara biyar mai kumburarriyar fuska. Ta zaro wani karne daga hannun matar ta dangwara mini a kan tebur.

"Maƙwabciyata ta. Ɗan nata irin ƙwayar Nafisa shika sha, na gani da idona."

Na buɗe littafin. Gaskiyarta.

"Ba wai na yarda da zancenki ba na," ta ce, tana gyara lulluɓi. "Amma wan nashi ya hwesa. Talata, bayan azahar. Ɗaki guda suka kwana. Na raba su tun jiya. Mi kike kallona? Tashi ki kira likitar taki."

Na miƙa wa abokiyar aikina jaririn da ke hannuna, na ce wa yaron ya hau sikeli.